Bin Kogin Isa daga Gini har teku: ta ina za a fara?

Malam, ka rubuto daga Tawa kana tambaya ko matafiyi zai iya bin Kogin Isa tun daga tushensa har bakin teku, da kuma lokacin da ya dace. Yana yiwuwa, amma ba a jirgi ɗaya ba.

Kogin, wanda 'yan Najeriya ke kira Kwara, ya kai kusan kilomita 4,180. Ya taso daga tsaunukan Gini, ba nisa da teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi hamada, ya ratsa Bamako da Mopti a Mali, sannan ya karkato kudu ya bi ta Gawo, ya shigo mana Nijar ta wajen Ayoru. Daga Yamai ya gangara Gaya, inda ya zama iyakarmu da Benin, ya shiga Najeriya ya haɗu da Binuwai a Lakwaja.

Shawarata ka fara da Yamai tsakanin Disamba da Janairu, domin a lokacin ne ruwan daminar Gini ke isowa bayan ya daɗe yana shimfiɗe a fadamun Mali, kogin ya cika cikin tsakiyar hunturu. Ka sauka gindin gadar Kennedy da yamma, ka yi ciniki da mai kwale-kwale, ka ga masunta suna jefa birgi, masu wanki suna shanya tufafi a bakin gaɓa. Idan ka bari sai Mayu, rairayi za ka tarar a wurare da yawa.

Hanyar Ayoru, garin dorinai da kasuwar Lahadi, da ɓangaren Mali, ka jinkirta su saboda matsalar tsaro.