Rawayar fure ba hujja ba ce: bambance Melampyrum sylvaticum da Melampyrum pratense

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun ilimin tsirrai a Turai, an ba mu aikin ƙidayar tsirran wani daji a tsaunukan Alps. A filaye da dama na rubuta sunan wani ɗan tsiro da na gani a matsayin Melampyrum sylvaticum, domin furen rawaya ne sosai, manhajar wayata ma haka ta ce. Yanzu wata abokiyar karatuna ta ce duk ɗan'uwansa Melampyrum pratense ne, ga lokacin miƙa rahoto ya gabato. Waɗanda na tumɓuke na danne a takarda kuma sun koma baƙi ƙirin. Na lalata su ne? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwantar da hankalinki kan baƙin da samfurin ya yi, ba laifinki ba ne. Duk 'yan wannan jinsi haka suke yi idan sun bushe, saboda sinadarin aucubin da ke jikinsu. Dangi ɗaya suke da ƙuduji, wato Orobanchaceae, suna da koren ganye amma saiwarsu na maƙale da ta maƙwabta tana tsotsar ruwa da gishirin ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne hujjar da kika kafa sunan a kai. Tun 1753 da Linnaeus ya raɗa wa su biyun suna ake ruɗa su, kuma kusan kullum launi ne ke kai mutum ya baro. An haddace cewa pratense fari-fari ne mai ɗan rawaya a baki, sylvaticum kuwa rawaya mai ƙarfi, shi ke nan an rufe littafi. Alhali pratense na da nau'in da furensa rawaya ne ɗungurungum, wanda ake kira hians, kuma a dazuzzukan tsauni ake yawan gamuwa da shi, daidai inda ake sa ran ganin sylvaticum. Wani lokaci su biyun suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin itatuwan Picea masu ganye kamar allura, cikin gajeren tsiron da ake kira Vaccinium myrtillus, don haka mazauni ma ba ya raba gardama. Furen da ya tsufa yana sauya launi, hasken daji mai duhu yana ƙara wa kyamara ƙarya, manhajar waya kuma ta koyi aikinta ne daga hotunan da mutane suka riga suka sa wa suna, da daidai da kuskure. Sai mutum ya ɗauki hoto daga nesa, waya ta ba shi suna, ya tura rumbun bayanai, gobe wani ya kafa hujja da shi. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. A Alps da Sikandinebiya sylvaticum na da yawa, amma a Sukotilan ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma tsofaffin rahotanni da dama a Birtaniya an gano pratense mai rawaya ne. Rahoton ƙarya irin wannan yana sa a ɗauka tsiron na nan lafiya, alhali yana ƙarewa a wuraren da yake da gaske. Masu cewa "da ido nake gane shi" su ne suka fi cika rumbunan da shara.

Ki koma dajin da rula mai milimita da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Ki zaɓi furen da ya gama buɗewa, ba toho ba, ba wanda ya fara yaushi ba, ki auna daga gindin bututu zuwa ƙarshen leɓe, domin furen kamar bututu yake, bakinsa na da leɓen sama da na ƙasa. Na sylvaticum gajere ne, yawanci milimita 6 zuwa 10, bututunsa a lanƙwashe. Na pratense daga 10 zuwa 18, bututun miƙaƙƙe, a kwance yake. Ki auna aƙalla fure biyar daga tsirrai daban-daban, don wanda ya rasa maƙwabcin tsotsa yakan tsumbure ya fitar da ƙananan furanni.

Idan awon ya faɗa wajen 10 ko 11, leɓe da ƙoƙon fure, wato koren ɓawon mai haƙora da ke riƙe da gindin furen, su ne za su yanke hukunci. Ki duba furen ta gefe. A sylvaticum leɓen ƙasa ya karyo ƙasa, baki a wangale. A pratense leɓen ƙasa ya miƙe gaba a layi ɗaya da bututu, baki kusan a rufe. Haƙoran ƙoƙon sylvaticum masu faɗin gindi ne, a baje suke, sun rufe wani babban kaso na bututun. Na pratense sirara ne, sun kwanta a jikin bututu, na saman kan ɗan ɗaga kai, kuma ƙoƙon bai kai rabin tsawon furen ba. Ganyen da ke gindin furannin sama a pratense sau da yawa na da 'yan haƙora a ƙasansa, na sylvaticum galibi sumul ne, amma wannan shaida ce ta ƙari kawai.

Baƙin samfurinki ma zai iya magana. Ki jiƙa fure ɗaya a ruwan ɗumi na 'yan mintoci, ƙoƙon zai saki ki ga haƙoran. In akwai kwanson iri, ki tsaga: pratense yawanci ƙwaya huɗu, sylvaticum yawanci biyu.

Kada tsawon kara ko yawan rassa su ruɗe ki. Masu fure da wuri ba su cika yin rassa ba, masu fure a makare kuma sukan yi rassa da gaɓoɓi da yawa, duk a nau'i ɗaya. An taɓa raba musu sunaye barkatai a kan wannan, yawanci ba su da amfani a gare ki. Idan aiki ya kai ki tsaunukan Carpathia, nan akwai herbichii, ɗan'uwan sylvaticum na kusa, sai an auna jakar ƙurar fure kafin a raba su.

Batun tumɓukewa kuma, a daina. Tsiron shekara ɗaya ne, irinsa ba ya daɗewa a ƙasa, tururuwa ce ke ɗaukarsa saboda ɗan maiƙon da ke jikinsa, ita ma ba ta nisa da shi. Wanda ya cire tsiro goma kafin su zubar da iri ya rage na baɗi da hannunsa, dashe kuma ba ya kamawa tunda an raba saiwar da abin da take tsotsa. In dajin na cikin yankin da aka killace, sai da takardar izini, ko da ofishin da ke ba da ita zai ja ki makonni. Don samfurin ajiya, fure biyu da hoto ta gefe, rula a jikinsa, sun wadatar. Filin da ba ki samu komawa ba kafin ranar rahoto, ki rubuta Melampyrum sp., wato an san jinsin amma ba a tantance nau'in ba, ki bayyana cewa ba a auna furen ba.