Sagitta: kibiyar da ke tsakanin baka da tsirkiya

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ka ci karo da kalmar sagitta a takardar zanen gini, an rubuta ta gefen wata taga mai lanƙwasa a sama, ka duba ƙamus ɗinka babu ita, kana son sanin ma'anarta da asalinta. Ba laifin ƙamus ba ne, ko Turawan ba kowa ya san ta ba. Ni na daɗe ina koyar da zanen gini, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda nake jin daɗin bayaninsu, domin Bahaushe ya riga ya san abin tun kafin ya ji sunan.

Ka kawo bakan maharbi a ranka. Ga itacen a lanƙwashe, ga tsirkiya a miƙe daga wannan kai zuwa wancan. To ɗora kibiya a daidai tsakiyar tsirkiya, ta miƙe har ta taɓa tsakiyar itacen. Wannan ɗan tsakanin, daga tsirkiya zuwa ƙoƙon lanƙwasa, shi ne sagitta. Ana furta ta kamar "sajita", kuma a harshen Latin ma'anarta kibiya, ba wani abu ba. A tagarka, faɗin tagar shi ne tsirkiya, lanƙwasar sama ita ce baka, tashin da ta yi a tsakiya kuwa shi ne abin da mai zanen yake nufi.

Kamancen nan ba Turawa suka fara shi ba. Masana taurari na ƙasar Indiya, irin su Aryabhata wanda ya rubuta littafinsa a shekara ta 499, suna kiran layin da ya ratsa da'ira jya, wato tsirkiya, ɗan tsakanin kuma shara, wato kibiya. Da ilmin ya shiga hannun malaman Musulunci sai suka ce da Larabci ƙaus, watar, da kuma sahm: baka, tsirkiya da kibiya. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san sahmu. Daga baya, a ƙarni na 12, aka yi ta fassara littattafan Larabci zuwa Latin a ƙasar Spain, musamman birnin Toledo, sahm ya koma sagitta, Ingilishi kuma ya ɗauke ta yadda take. Hatta arc da ake koya wa yara a aji daga arcus ta fito, baka ke nan.

Bari in ɗan ratse, don abin yana burge ni. Larabawa sun ari kalmar nan ta tsirkiya daga Indiyawa suka ce jiba. Da yake ba a cika sa wasali a rubutun Larabci ba, sai aka riƙa karanta ta jaib, wato wuyan riga ko lanƙwasarta. Masu fassara suka mayar da ita sinus, daga nan sine ɗin da ɗalibai ke kuka da shi a darasin lissafi ya fito. Wannan jaib ɗin kuwa shi ne ya ba mu aljihu.

Amfaninta a wurin aiki na gan shi da idona. Wata shekara na duba wani gini mai tagogi 6 a jere, duk masu lanƙwasa. Mai walda gwani ne, hannunsa na da kyau, amma da ido ya lanƙwasa ƙarafan, yana bugawa yana ɗagawa yana dubawa. Ranar da mai gilashi ya zo da gilasan da ya yanka bisa awo ɗaya, biyu kaɗai suka zauna. Sauran, wani ya bar kafar da yatsa ke shiga, wani ya ƙi shiga sam. Rai ya ɓaci, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi, alhali abin da ya ɓace lissafi ne na minti biyu.

Ga shi. Faɗin taga santimita 120 ne, ana son tashin tsakiya ya zama 20. Ka ninka faɗin da kansa, 120 sau 120, ka sami 14,400. Ka ninka sagitta sau 8, ka sami 160. Raba 14,400 gida 160, ya ba ka 90. Ƙara rabin sagitta, wato 10, ya zama 100. Wannan 100 shi ne tsawon igiyar da za ka zana lanƙwasar da ita. Mun shimfiɗa falanki a ƙasa, muka ja layin faɗin, muka sauko santimita 80 daga tsakiyarsa, wato 100 a cire 20, muka kafa ƙusa, muka ɗaura igiya da alli a bakinta. Da mai waldar ya ja allin ya ga ya bi ta kan kusurwa biyun cif, ya tashi 20 daidai a tsakiya, sai ya yi shiru, can ya ce in sake faɗa masa ya rubuta a bangon shago. A kan wannan zane ɗaya ya gyara sauran huɗun.

Masu gyaran layin dogo ma haka suke gane ko kwana ta goce: su ja zare tsakanin wuri biyu a jikin ƙarfen, su auna ratar da ke tsakiya. Masu yanka gilashin tabarau da shi suke auna zurfin lanƙwasa.

Sai dai ka kula da abu biyu. Lissafin nan na lanƙwasar da take yankin da'ira ce sak. Bakan gizon da maginanmu na gargajiya ke ɗaurawa da azara da laka, irin na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ba lallai ya bi da'ira ba, gwaninta da ido ke tafiyar da shi, don haka kada ka ɗora masa wannan awo. Na biyu, kuskuren da ɗalibaina suka fi yi shi ne aunawa daga dandamalin taga. Daga layin da lanƙwasar ta fara tashi ake aunawa. Koma kan takardarka, nemi layin da ya haɗa kafaɗun tagar biyu, lambar da aka rubuta gefen sagitta daga tsakiyarsa take farawa zuwa sama. In ka turo faɗin da lambar, sai mu fitar da tsawon igiyar tare.