Tambaya da Amsa: Tayar da Tsohuwar Nokia 3310

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tsinci Nokia 3310 ta mahaifinmu a cikin akwati, ina so in sake jin kararta, amma ta ƙi kunnuwa. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wayar nan ta fito a 2000, kuma galibi batir ne ke kashe ta. Cire murfin baya ka duba batirin. Idan ya kumbura, kada ka saka shi a caji ko kaɗan. Nemi batir samfurin BLC-2 ko BMC-3 a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, tare da caja mai kaurin baki, don siririn bakin cajar Nokia da ta fito daga baya ba ya shiga.

Sai ka lura da ƙarafan da ke taɓa batirin. Danshin Legas yakan sa su yi kore. Goge su da auduga da ɗan sifirit, ka bari su bushe sosai.

Layi kuma, 2G kawai take kamawa, ramin SIM ɗinta babba ne, sai ka ɗora ƙaramin katinka a kan adafta, wato 'yar robar da ke mayar da shi girman babban SIM. Kada ka tura adaftar babu kati a ciki, tana lanƙwasa ƙarafan ramin.