Shanun araha ko kayan dafa madara: ina zan sa kuɗina?

Wata 'yar kasuwa ce ta aiko da tambaya. Tana sarin madara a hannun makiyaya, ta yi yogot da cuku, wani kaso kuma ta sayar da shi ɗanye. Ta ɗan tara kuɗi da niyyar sayen kayan dafa madara, sai aka yi mata tayin shanu uku da araha. Mai su ya ce sun yi ɓari bara, amma yanzu garau suke. Ta kuma ambaci cewa yaron da ke ɗauko mata madara ya yi wata biyu zazzaɓi na kama shi yana saki, an sha maganin maleriya ba sauƙi. Wanne za ta sa a gaba?

Hajiya, ki dakata da maganar shanun nan tukuna. Shanu uku a garke ɗaya su zubar da ciki a shekara ɗaya, abin da ya kamata ya fara zuwa ran mai saye shi ne bakkale, wadda likitoci ke kira burusilosis. Saniyar da ta kamu takan yi ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya ta maƙale, nono ya ragu, wata ma ki ga gwiwarta ta kumbura ta tara ruwa. Inda ake cin kuɗin mutane shi ne, bayan ɓarin farko sau da yawa takan ci gaba da haihuwa lafiya, ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, alhali tana fitar da ƙwayar cutar a nononta da ruwan haihuwarta shekara da shekaru. Mai sayarwar ma yana iya yiwuwa gaskiyar abin da idonsa ya gani yake faɗa miki.

Saniya jari ce da ke biyan mai ita da maraƙi da madara. In ta zubar da ciki, kin rasa ɗan, kin rasa mafi yawan tatsar wannan shekarar, ga kuɗin ciyarwa bai tsaya ba. Kuma ba cuta ce da ake yi wa dabba allura a ce ta rabu da ita ba. In kuwa kika kai su kiwo cikin garken wani daga masu ba ki madara suka shafa wa nasa, kin ɓata da mutanen da sana'arki ta dogara a kansu. Araha ba ta ado. In ranki ya biya sosai, ki gindaya sharaɗi: likitan dabbobi ya ɗebi jininsu ya yi gwajin Rose Bengal, wanda ba ya cin lokaci, a ware su, a sake gwadawa bayan kamar wata guda, sannan kuɗi ya fita. Mai shanun da ya ƙi yarda da gwaji ya riga ya ba ki amsa.

Yaron nan kuwa, kuɗin maganinsa ne zai fara fita. A kai shi asibiti, a gaya wa likita ƙarara cewa yana shiga cikin dabbobi yana shan ɗanyar madara, domin a mutum cutar tana kama da maleriya ko taifot: zazzaɓi mai zuwa yana komawa, gumin dare har tufa ta jiƙe, ciwon gaɓoɓi da na baya, kasala. In ita ce, magani iri biyu ake haɗawa, kamar doksisaikilin da rifampisin, na tsawon mako shida, kuma wanda ya yanke a tsakiya don ya ji sauƙi tana iya dawo masa. Kada ki sallame shi don tsoro. Da wuya ƙwarai mutum ya ɗauka daga mutum.

Yanzu maganar dafawa. A ma'aunin Celsius, zafin digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, yana kashe ƙwayar. Ba sai kin ci bashi kin sayi babban inji ba a matakin da kike. Tukunyar silba a cikin wata babbar tukunya mai ruwa, ma'aunin zafi, agogo, da mai juyawa da ba ya barin wuta ya tafi hira. In ba ma'auni, a bari ta tafasa. Kada wani ya ce miki tsami ya wadatar, ba abin dogaro ba ne. Firji kuwa adana ƙwayar yake yi. Ludayi da bokitin ɗanya kada su taɓa dafaffiya.

Ki yi lissafin da kanki na mako guda: kuɗin makamashi, ladan mai dafawa, da abin da ya ƙone a tukunya, ki raba da yawan litar da kika sayar. Sai ki ajiye shi kusa da wani lissafin da 'yan kasuwa ba su cika rubutawa ba, wato yogot nawa ya tsinke ko ya lalace aka zubar a makon. Madarar da aka dafa kafin a sa mata irin yogot ta fi kama jiki ta kuma fi daɗewa, don haka wani ɓangare na kuɗin wutar daga nan zai dawo.

Masu son ɗanya, za ki rasa wasu. Ni dai da zan zaɓa, gara in rasa su da in rasa manyan masu saye. A tsibirin Malta, wani likita mai suna David Bruce ya gano ƙwayar cutar a 1887, a 1905 wani likitan, Themistocles Zammit, ya nuna cewa daga madarar awaki take fitowa. A 1906 aka hana sojojin Birtaniya da ke can shan ta, masu kamuwa a cikinsu suka ragu ƙwarai, masu awaki kuma suka wayi gari babu wannan cinikin. Makaranta ko otal ɗin da aka danganta rashin lafiya da kayanki ba zai tsaya jin bayani ba.

Abin da ya saura na kuɗin, ki sa shi a wajen makiyayanki. Akwai gwajin da ake yi wa madarar shanu ta garke gaba ɗaya, ba sai an bi saniya ɗaya-ɗaya ba. Ku haɗa kuɗi da sauran masu sari ku kira likitan dabbobi. Akwai rigakafin S19 na 'yan maruƙa mata, da Rev.1 na awaki da tumaki, waɗanda irin tasu cutar ta fi tsanani a jikin mutum. Mutane dai ba su da rigakafi. Garken da aka gwada, ki ɗan ƙara masa farashi a kan kowace lita, maƙwabtansa za su ji labari. Ki kuma raba musu safar hannu ta roba, domin da hannu tsirara ake jawo maraƙi da mabiyiya, kuma ɗan ɓarin a binne shi da zurfi, kada a jefa wa karnuka.