Iyayenta Sun Hana A Yi Mata Tabbatarwa

Tambaya: 'Yar maƙwabciyata, mai shekara 15, tana bin mu cocin Lutheran har ta kusa gama ajin katekisma, wato ajin koyon tushen bangaskiyar Kirista. Iyayenta 'yan wata ɗarika ce daban, sun ce ba za a yi mata tabbatarwa ba, wato bikin furta bangaskiya a gaban ikilisiya bayan gama ajin. Kullum cikin kuka take. In roƙi fasto ya yi mata a ɓoye? Daga wata uwa a Nima, Accra.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki yi. Zance ba ya kwana a Nima, kuma ranar da iyayen suka ji, zuwa cocin ma za su hana ta. A dokar yara ta Ghana ta 1998, wanda bai kai shekara 18 ba yana hannun iyayensa, doka ta huɗu a katekismar da take haddacewa kuma cewa ta yi a girmama uba da uwa.

Ki fara kwantar mata da hankali. A koyarwar Lutheran tabbatarwa ba sakramenti ba ce kamar baftisma. Rana ce da mutum ke tsayawa gaban ikilisiya ya furta da bakinsa bangaskiyar da aka yi masa baftisma a cikinta, kuma ko da shekara 40 ana yi. Abin da zai fi yi mata ciwo shi ne Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake karɓa a coci, domin ikilisiyoyi da yawa ba sa ba da shi ga wanda ba a tabbatar ba. Wannan ku kai wa fasto, shi ke da ta cewa.

Sannan ki je wurin mahaifiyarta ke kaɗai, ki gaishe ta, ki tambayi dalili, ki saurara har ta gama. Sau da yawa tsoronsu a sake wa 'yarsu baftisma ne. Lutheran ba sa sakewa, muddin an yi ta da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wasu kuɗin farar riga da liyafa ke damunsu, alhali ba dole ba ne. Idan kuwa ba a taɓa yi mata baftisma ba, to maganar baftisma ce a gabanku tukuna.

Fasto da dattijo ɗaya su biyo baya, da izinin maigidan, su bar masa Ƙaramar Katekisma ya karanta. Dama domin iyayen gida Martin Luther, wanda cocin Lutheran ke bin koyarwarsa, ya rubuta ta a 1529. Idan suka nace, ki roƙi abu ɗaya kawai: ta ci gaba da zuwa ranar Lahadi tare da ke, ki kuma riƙa mayar da ita gida a kan lokacin da suka sa.