Amsoshin Tambayoyinku: Wayar Wuta Mai Silikon Ta Cancanci Kuɗinta?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Yamai: Ina son sake wayoyin wuta na shagona. A kasuwar Katako an nuna mini iri biyu, mai kayan ya ce mai tsadar an sa silikon a robarta, ba ta cin wuta. Gaskiya ne?

Alhaji, rabin maganarsa gaskiya ce. Silikon daga ma'adinin yashi ake samo shi, kuma idan wuta ta ci shi yakan bar farar toka da ke lulluɓe robar, ta tare iska da zafi. Masana'antu kan cuɗa shi da alli, ko da garin aluminiyam haidoroksaid wanda ke fitar da tururin ruwa idan zafi ya kai wajen digiri 200. Sai wutar ta rasa kuzari, hayaƙin ma ya ragu.

Wannan batun hayaƙi shi ya fi damuna. Wayar da aka saba, mai robar PVC, ita ma ba ta saurin ci, domin fiye da rabin nauyin tsantsar PVC sinadarin kulorin ne. Amma in ta kama, baƙin hayaƙinta yana ƙona ido da huhu. A shago mai ƙofa ɗaya, cike da atamfa da kwali, hayaƙin kan kayar da mutum tun harshen wuta bai iso shi ba. Mu mutanen Yamai ba a ba mu labarin gobarar kasuwa: Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982, Ƙaramar Kasuwa a 2012.

Sai dai "ba ta cin wuta" kirarin talla ne. Kowace roba tana ƙonewa in wutar ta yi ƙarfi. Silikon jinkiri yake kawowa, ka samu ka fita da mutanenka. Kada ka saya da baki. Karanta jikin wayar: IEC 60332 na nufin an gwada ta ba ta yaɗa wuta, LSZH kuma mai ƙarancin hayaƙi ce, babu kulorin. Ka nemi ɗan guntu, ka fita waje ka kanga masa ashana. In mai kyau ce, wutar tana mutuwa da ka janye ashanar.

In kuɗin bai kai ba, fara da jan ƙarfe na gaske mai kauri, waya mai murabba'in milimita 2.5 don wuraren jona kaya, mai 1.5 don fitilu, da na'urar katse wuta daidai da wayar. Siririyar waya da aka ɗora wa firiji da fanka da dutsen guga, ga zafin watan Afrilu, za ta narke ko da me aka lulluɓe ta.

Tambaya daga wata uwargida a Tahoua: Zan iya shafa silikon na cikin kwalba, irin na masu gilashi, a silin roba da wurin jona wuta?

Hajiya, kada ki yi. Wanda ke rage ƙonewa a masana'anta ake gauraya shi tun robar tana narke, shafe daga waje ba ya shiga jikinta. Irin mai warin tsami ma yana cin jan ƙarfe. In wurin jonar ya yi baƙi ko yana ɗaukar zafi, a kashe wutar a kira mai gyara ya sake shi, kuma a zura wayoyin da ke bisa silin cikin bututu, kada su kwanta kan robar.