Filin Tambaya da Amsa: Wane katin girafik ne ke haɗuwa da wane?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ina da kwamfutar tebur da nake buga gem da ita, katin da ke ciki GTX 1060 ne mai memori giga 6, to yanzu wani abokina zai sayar da nashi shima 1060 ne sak kuma da arha, shine nace bari in tambaya kafin in biya, in na haɗa su biyu zasu zama kamar babban kati ɗaya mai giga 12? Kuma dan Allah wane da wane ne ma suke haɗuwa? Daga mai karatu a Hotoro, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa maida kuɗinka aljihu tukuna. GTX 1060 baya haɗuwa da kowa, ko da tagwayensa ne. Ka buɗe akwatin kwamfutar ka duba gefen katin ta sama, katunan Nvidia masu haɗuwa suna da wasu ƴan haƙora masu ruwan gwal inda ake ɗora gada tsakanin kati da kati, shine abin da suke kira SLI, to 1060 tun da ya fito a 2016 babu waɗannan haƙoran a jikinsa. Yayansa GTX 960 yana da su amma shi aka cire masa, kuma ni a ganina da gangan ne, don kar mutum ya sayi ƙanana biyu ya ƙi sayen 1080.

Ga yadda ƙa'idar take a gidan Nvidia. Dole katunan su zama samfuri ɗaya kuma memorinsu ɗaya, 970 da 970, 1070 da 1070, 1080 da 1080. Ko 1070 da 1070 Ti basa yarda da juna duk da sunan ya kusa zama ɗaya, haka 960 mai giga 2 baya tafiya da 960 mai giga 4. Amma kamfanin da ya haɗa katin ba matsala bane, na MSI zai zauna lafiya da na Gigabyte ko Asus ko Zotac tunda ƙwaƙwalwar ciki duk ta Nvidia ce. Daga layin RTX 20 sai suka canza gadar zuwa NVLink, kuma iya 2070 Super, 2080, 2080 Super da 2080 Ti ne suka samu, 2060 da 2070 na farko babu, su GTX 1650 da 1660 kuwa ba a ma maganarsu. Da aka zo RTX 30 a 2020 saura 3090 kaɗai, sai 3090 Ti da ya biyo baya, kuma gadarsu daban take da ta layin 20. RTX 40 da 50 babu gada kwata-kwata, har shi 4090 ɗin da ake ji da shi.

Sannan ba kati kaɗai ba, ita ma madabod, wato babban bod ɗin da ake soke katunan a jikinsa, sai ta yarda. Ganin dogayen ramuka biyu a jikinta ba hujja bace, SLI yana so kowane rami ya samu layin PCIe 8 aƙalla, wato hanyoyin da kati ke magana da bod ta cikinsu, kuma bod ɗin ta zo da lasisin Nvidia, wanda galibi sai a manyan bod irin su Z390 ko X570 ake samu, shima ba dukkansu ba.

Maganar giga 12 kuwa, ko da sun haɗu ba zaka samu ba. A gem katunan karɓa-karɓa suke yi, wannan ya zana hoto ɗaya wancan ya zana na gaba, don haka dole kowanne ya riƙe cikakken kayan gem ɗin a memorinsa. Kamar ɗalibai biyu ne da kowa ya kwafi darasi ɗaya a littafinsa, littafi biyu ne a hannu amma karatun bai ƙaru ba. Shida da shida anan shida ce. Ga kuma wata ƴar sarƙewa da hoton yake yi saboda katunan basa gama aikinsu a tazara daidai, lambar da ke saman allo tana nuna maka gudu ya ƙaru amma idonka yana ganin abin yana tsalle-tsalle.

Babban abin ma shine gem ɗin kansu sun daina kula lamarin. Nvidia ta daina fitar da sabon saitin SLI a direbobinta, wato manhajojin da ke sa katin aiki, daga 1 ga Janairun 2021, ta bar wa masu ƙera gem su yi da kansu in suna so, su kuma kusan babu wanda yake ɓata lokacinsa. Ka sayar da naka, ka ɗora kuɗin da zaka ba abokinka a kai, ka nemi kati ɗaya mai ƙarfi ko na hannu ne.

TAMBAYA: Ni nawa AMD ne RX 580, na ji ance su basu da tsauri irin na Nvidia. Zan iya sa masa RX 570? Ko in sa masa na Nvidia ma? Daga mai shagon gem a Maraɗi.

AMSA: Eh an faɗa maka gaskiya, CrossFire, wato irin nasu SLI ɗin na AMD, ya fi sassauci. In ƙwaƙwalwar katunan gida ɗaya ce suna haɗuwa, 580 da 570 zasu yi, kamar yadda a da ake haɗa HD 7970 da 7950 ko R9 290 da 290X, kuma tun daga R9 290 na 2013 basa buƙatar gada, ta cikin bod suke magana. Sai dai ƙaramin ne zai riƙa jan babban baya, kuma su ma AMD sun rufe wannan babin, RX 5700 da ya fito a 2019 da duk na bayansa babu CrossFire. Ga mai shago ni gara ka sa 570 ɗin a wata kwamfutar daban ka samu kujera biyu masu kawo kuɗi.

AMD da Nvidia zasu iya zama a akwati ɗaya akan Windows 10 ko 11, kowa da direbansa kowa da allonsa, amma ba zasu taru akan gem ɗaya ba. DirectX 12, tsarin Windows da gem ke magana da kati ta cikinsa, ya buɗe ƙofar hakan, gem ɗin Ashes of the Singularity ya gwada an gani yana yi, daga nan kusan shiru kake ji. Kuma ka lura da RX 570 da 580 na hannu, da yawansu sun sha wuya wajen haƙar kirifto kafin kuɗin kirifto na Ethereum ya daina haƙa da kati a Satumban 2022, ka sa a gwada maka shi da gem mai nauyi a gabanka kafin ka ƙirga kuɗi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ina aikin editin da ɗan zanen 3D, na sayi RTX 3060 amma tsohon GTX 1080 ɗina yana nan a ajiye, yana da amfani ko in rabu da shi? Daga wata ƴar'uwa a Kaduna.

AMSA: Lafiya lau Hajiya. Ke kam amsarki daban ce da ta waɗancan, domin duk dokokin da na lissafo na gem ne. A Blender, manhajar zanen 3D, injin fitar da hoto (randarin) mai suna Cycles baya neman gada baya neman katunan su zama iri ɗaya, ki shiga Preferences ɓangaren System ki zaɓi CUDA ki yi wa duka biyun alama, zai raba musu aikin kuma lokacin randarin zai ragu. Abin lura shine kowane kati sai ya ɗauki aikin gaba ɗaya a memorinsa, 3060 ɗinki in mai giga 12 ne shi kuma 1080 giga 8, to giga 8 ɗin ce iyakarki duk sanda suke aiki tare, in aikin ya yi nauyi sai ki cire wa tsohon alama. Eevee, ɗayan injin na Blender, kati ɗaya yake amfani da shi. DaVinci Resolve, manhajar editin bidiyo, kuma sai na kuɗi wato Studio ne yake jan kati fiye da ɗaya a Windows, kuma shi ya fi son katunan da ƙarfinsu ya zo kusa. Abu ɗaya da ke kawo rigima shine direba, katunan Nvidia biyu direba ɗaya suke sha, shi yasa wanda ya ɗauko tsoho tukuf irin GTX 770 ya haɗa da RTX 4060 zai sha ciwon kai, tunda direban tsohon ya tsaya a layin direba mai lamba 470 shi kuma sabon bai san wannan layin ba.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, inaso in riƙa gudanar da manhajojin AI a kwamfutata ba sai da intanet ba. 3060 biyu zasu bani giga 24? Daga Samaru, Zariya.

AMSA: Ƙanena a nan ne kaɗai lissafin yake fita yadda mutum yake so. Manhajoji irin llama.cpp da Ollama suna yanka samfurin AI ɗin su sa wani sashe a wannan kati wani a wancan, don haka 12 da 12 zasu ɗauki abin da yake neman kusan 24, ba gada ba komai, ko rami na biyu mai layi 4 ne zai yi, ko da katunan ba iri ɗaya bane. Gudun dai ba zai ninka ba, wuri ne ya ƙaru. 3090 guda ɗaya mai giga 24 ya fi su sauri nesa ba kusa ba in aljihu zai iya.

Ka yi lissafin wuta kafin komai. 3060 yana jan wat 170, biyu 340 kenan banda firosesa da sauran kaya, to fawa fak ɗinka, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta, kar ya gaza wat 750 kuma na kirki, ba irin marasa nauyin nan da ake rubuta musu lambar ƙarya ba. Shi 3090 shi kaɗai wat 350 ne. In inbata kake amfani da ita ko ƙaramin janareta ka duba ko zasu ɗauka, kuma katin sama shi yake shan zafi don na ƙasa ya tare masa iska, a watan Afrilu a Zariya wannan ba ƙaramar magana bace, ka nemi bod mai tazara tsakanin ramukan ka ƙara fanka biyu a gaban akwatin.